Wa Ya Ce Ciwon Suga Da Hawan Jini Na Masu Kuɗi Ne?

Akwai wata magana da na gaji da jin ta a bakin iyaye, har ma da wasu malamai 'yan'uwana, kuma yau ita na zo in rusa. Duk lokacin da aka tayar da zancen rage gishiri da suga a abinci, sai wani ya gyara zama ya ce: "Haba malam, mu da muke neman abin sawa a bakin salati, ina ruwanmu da ciwon suga? Wannan ai ciwon alhazan Yamai ne da na Maraɗi, masu cin kaji suna kwana cikin sanyi." Sai a yi dariya, a koma maganar kuɗin alli da zanar rufin aji.

To ni ban ga abin dariya ba. Maganar nan ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai cin rai. Wanda yake musu ya tashi ya zaga unguwarsu, a nan Urno, ko Madawa, ko Buza, ko Keita, ya ƙirga mini gidajen da ke da mutum kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Ya ƙirga waɗanda ido ya dushe musu tun tsufa bai zo ba, da masu gyambon ƙafa da ya shekara bai warke ba. Sannan ya gaya mini nawa ne alhazan birni a cikinsu. Manoma ne, da masu saƙar tabarma, da 'yan bida da suka dawo daga Abijan ko Libiya, da matan da suka ƙare rayuwarsu tsakanin turmi da rijiya. Tun a 2007, binciken da ma'aikatar lafiya ta ƙasa ta yi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna aƙalla mutum ɗaya cikin manya biyar a Nijar yana da hawan jini, wanda muke ce wa tansiyo. Ku gaya mini, yaushe muka samu masu kuɗi ɗaya cikin biyar a ƙasar nan? Mai kuɗi dai yakan je a auna shi, ya san sunan ciwonsa. Talaka kuwa sai ya faɗi a gona a ce iska ta buge shi, ko a fara yi wa kishiya kallon banza.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, wanda nake so kowane malami da kowace uwa su riƙe, shi ne yunwar da muke fakewa da ita ce take share wa waɗannan cututtuka hanya. Jaririn da bai samu isasshen abinci ba tun yana ciki, ko a shekarunsa biyu na farko, jikinsa yakan ginu a kan tsimi. Ƙodarsa takan zo da ƙarancin matatai. Sashen jikin da ke samar da insulin, wato sinadarin da ke kwashe suga daga jini ya kai shi inda za a yi aiki da shi, shi ma yakan zo da rauni. Yaro ya tsira, ya girma, kowa ya gode wa Allah. Amma ranar da ya fara samun 'yan kuɗi, ya koma farar shinkafa da mai da lemun kwalba da shayi mai kauri, an ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan.

Ba hasashe nake yi ba. A ƙarshen yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1944 da 1945, an yi mummunar yunwa a ƙasar Holan. Likitoci suka bi diddigin jariran da ke cikin iyayensu mata a lokacin, suka tarar da su bayan shekara hamsin jikinsu ya fi na sa'o'insu kasa sarrafa suga. A watan Afrilun 2025 kuma, a taronta na birnin Bankok, ƙungiyar duniya mai yaƙi da ciwon suga ta amince da wani nau'i na ciwon da ta kira nau'i na 5, wanda ke kama ramammun matasa da suka tashi cikin rashin abinci. Wato ko waccan maganar da ake yi, wai ramamme ba ya ciwon suga, ita ma ta faɗi.

Mu nan ba sai an ba mu labarin Holan ba. Mun ga 2005 da idonmu, mun ga layin mata da goyo a cibiyoyin tamowa na yankin nan, mun sake gani a 2010 da 2012. Jariran 2005 su ne samarin da ke kabu-kabu yanzu, su ne amaren da muke kaiwa ɗaki, wasu sun wuce ta azuzuwanmu. Har yau kuma fiye da yara huɗu cikin goma 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙasar nan tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Sai maganar aljihu. Tun 2006 aka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne. Amma ƙwayar tansiyo ta magidanci, shi zai saya, wata bayan wata, har iyakar rayuwarsa. In ƙoda ta lalace sai wankin ƙoda, sai barin gida a tare a babban birni, sai sayar da shanu, daga nan sai gona. Alhajin Yamai zai iya. Manomin Urno fa? Saboda haka in akwai wanda ya fi kowa bukatar ya kula da tukunyarsa, to talaka ne, don ba shi da wata garkuwa da kuɗinsa zai kai gare ta sai ita.

Mu leƙa tukunyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da duk abin da ya ci tun safe har dare. A miyarmu ta yau me ake sawa? Gishiri da hannu. Sai dunƙulen magi huɗu ko biyar, alhali kusan rabin kowane dunƙule gishiri ne. Sai farin magi. Sai kanwa, wadda ita ma sinadarin da ke cikin gishiri yana cikinta. An sauke, an zuba, sai maigida ya jawo gwangwanin yaji, wanda shi ma an daka shi da gishiri da magi, ya barbaɗa. Gishirin nan yana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙaru, ya riƙa matsa jijiyoyi dare da rana shekara da shekaru ba tare da mutum ya ji ciwon komai ba, har ranar da wata jijiya a ƙwaƙwalwa za ta toshe ko ta fashe. Iskar da ta buge bawan Allah a gona ke nan.

Kakanninmu da daddawa suke miya, ta kalwa ko ta batso, da albasa da tafarnuwa da citta, kuma ba mu ji an ce sun kwana da yunwa don miya ba daɗi ba. Harshe abin sabo ne. In uwargida ta rage dunƙule ɗaya wannan mako, ta rage wani bayan mako biyu, ba tare da ta yi shela ba, kafin wata biyu mutanen gidan da kansu za su fara cewa miyar maƙwabta ta yi gishiri. A dai riƙa sayen gishiri mai aidin saboda maƙoƙo, sai a rage yawansa. A ƙasar Sin an gwada abin a ƙauyuka 600, a kan mutum kusan 21,000: aka ba rabin ƙauyukan gishirin da aka cire masa kashi ɗaya cikin huɗu aka maye da wani sinadari mai suna potasiyam. Da aka fitar da sakamako a 2021, shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin ɗari a wajensu. Ƙauyawa ne irinmu, manoma.

Suga kuwa, iyakar da aka sa wa babba ita ce kamar giram 50 a yini, ƙananan cokula goma sha biyu, kuma an ce rabin haka ya fi. Kwalbar lemu guda tana ɗauke da kimanin giram 35. Yanzu mu malamai mu faɗa wa kanmu gaskiya game da shayi. A inuwar bayan aji, a fada da yamma, a ƙofar gida bayan isha'i: na farko, na biyu, na uku, kowanne da kofinsa na suga, har sai ya yi danƙo a leɓe. Wa ya taɓa ƙirga abin da yake sha a yini? Hura ma, da aka san ta da nono da ɗan yajinta kawai, yanzu in ba a zuba mata suga ba yaro ture ƙwaryar yake yi. In azumi ya zo kuwa abin sai wanda ya gani.

Wannan ture ƙwaryar shi ya kawo ni ƙofar makaranta, inda nake ganin laifinmu ya fi yawa. Uba ya ba yaro dala biyar ko dala goma. In an fito hutun ƙarfe goma me yake samu? Ƙanƙara mai kala a leda, wadda ba komai cikinta sai ruwa da suga da rini. Alewa, biskit, fanke da ya sha mai, taliya da mai da yaji. Kullum, wata tara a shekara, shekara shida. Yarinyar da uwarta ta ƙunso mata dafaffen wake ko kwaɗon tafasa kuwa, ɓoyewa take ta ci a bayan aji don kada a ce mata baƙauya. Mu kuma mu shiga aji mu zana wa yara hoton abinci mai gina jiki daga littafi, da tuffa da cukun Turawa da wasu 'ya'yan itacen da ko mu ba mu taɓa gani ba, mu fita ba mu ambaci zogala ko goriba ko magarya ba. Yaro ba wawa ba ne. Darasin da ya ɗauka shi ne abincin gidansu na matsiyata ne, kuma ranar da Allah ya buɗa masa zai rabu da shi. Mu muka koya masa, da hannunmu da allinmu.

Alhali abin da muke rainawa shi duniya take nema. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 sukutum ta zama shekarar gero da danginsa, don yana jure fari, kuma a jimlace ba ya ɗaga sugan jini da sauri kamar farar shinkafa da fulawa. A noman wake, in ka cire Nijeriya ba ƙasar da ta kai Nijar a duniya, amma da kaka ta yi sai mu ɗora shi a mota ya tsallaka iyaka, mu sayo katan ɗin taliya. Albasar Galmi da ta kwarin Tarka tana cika kasuwannin Abijan da Akara. Kabeji da tumatir da karas da salati suna fita daga fadamunmu da rani, yaran masu lambun kuma suna karyawa da biskit. Har geron da ya rage mana sai mun surfe shi ya yi fari fat, mu kwashe dusar mu ba akuya, alhali a dusar nan ne abin da ke rage gudun suga zuwa jini yake. Wani lokaci nakan ce akuyar gidanmu ta fi maigidan cin lafiyayyen abinci.

Wani zai ce, to rigakafi mun ji, wanda ciwo ya riga ya kama fa? Shi ma abinci yana cikin maganinsa, kuma an gwada. A ƙasar Finlan a 2001, da Amurka a 2002, an ɗauki mutanen da sugansu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba, aka sa su gyara cimarsu, su rage ɗan nauyi, su riƙa tafiyar ƙafa kamar rabin awa a yini. Kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin ɗari a duk wuraren biyu. A gwajin Amurka, waɗanda aka ba ƙwayar metformin kashi 31 suka samu, wato gyaran cima da tafiya sun fi ƙwayar. A Birtaniya kuma, a 2017, an sa masu ƙiba da ba su wuce shekara shida da ciwon ba a tsarin rage abinci mai tsanani ƙarƙashin kulawar asibiti, bayan shekara guda kusan rabinsu suganinsu ya daidaita ba tare da ƙwaya ba. Ku lura da abin da na ce: masu ƙiba, kuma ƙarƙashin kulawar asibiti. Ramamme mai ciwon suga in ya ce zai horar da kansa da yunwa, kabarinsa yake haƙa.

A nan dole in raba gari da wasu mutane, don kada a ɗauka layinmu ɗaya. Ina nufin masu lasifika a ranar kasuwa, da masu turo murya ta WhatsApp, masu garin da ke warkar da suga da tansiyo da basir da rashin haihuwa duk a ƙulli guda. Mafi munin abin da suke faɗa shi ne "ka jefar da ƙwayar asibiti". Mutum ya jefar, ya yi wata biyu yana jin garau, don dama hawan jini ba ya sallama, sannan a wayi gari an kwashe shi a amalanke. Zogala abinci ne mai kyau ƙwarai, ku ci shi kullum in kun samu, amma ba ya maye gurbin ƙwaya. Ɗaci ba ya kashe suga a jini kamar yadda ake cewa. Zuma da dabino, duk da darajarsu, suga ne a jikin mai ciwon, sai da awo. Yaron da ya fara yawan fitsari da ƙishirwa yana ramewa, a kai shi asibiti ranar, don irin nasa ciwon allurar insulin ce kaɗai ke riƙe ransa. Mai ciwon ƙoda shi ma kada ya canza cima sai ya tambayi likita. Kuma iyaye mata, don Allah, ƙwayoyin nan na sha-ka-fashe da ake ɗura wa 'yan mata kafin biki don su ciko, da yawansu suna tayar da suga da hawan jini. Kumburi ne kuke saya musu da kuɗinku.

Akwai hujja guda da nake girmamawa, ita ce ta matan gida. Sukan ce: "Malam, kai ba ka daka, ba ka neman icce. Taliya minti goma ta dahu, wake kuwa sai ya cinye mini iccen kwana biyu." Gaskiya ne, kuma duk namijin da zai yi wa mace wa'azin gero yana kishingiɗe ya ji kunya. Matan yankin nan ba ragwaye ba ne. Su ne suka fi yawa a cikin waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka suka farfaɗo da fako a aikin Keita da aka fara a 1984. Layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya tun 1975 suna nan suna tare iska, shaida ce cewa mutanenmu sukan karɓi sabon abu in sun ga amfaninsa. Don haka amsar tana wurin maza. Maigida, ka bar buhun wake ɗaya a gida kafin ka kira mai awo. Kuɗin suga da ganyen shayi na mako guda ka ba da su a kai niƙa inji. In za a dafa shinkafa, a dafa ta da wake, a jiƙa shi tun dare don ya rage cin icce, a sa ganye a gefe, kuma a rage man da ake malalawa har yana kwanciya a kwano. Da damina, lokacin da tafasa da rama da yakuwa da lalo da gasaya suke ko'ina ba mai sayarwa, yara su tsinko a shanya a inuwa a adana wa rani. Ban ce kowa ya ci nama kullum ba. Ban ambaci abu ɗaya da sai an je kanti a Yamai ba.

Ga abin da nake nema daga shugabannin makarantu da kwamitocin COGES da ƙungiyoyin iyaye mata. Masu talla a ƙofar makaranta ba baƙi ba ne, iyayen yaran ne da yayyensu, kuma korarsu zalunci ne. A zauna da su a daidaita: wadda ke ƙulla ruwan kala ta koma dafaffen wake, ko ɗanwake, ko dambun zogala da ƙuli-ƙuli, ko gyaɗa, ko dankali, a kuma hana shigo da na ledar cikin harabar makaranta don kada a karya mata kasuwa. Malamin lissafi ya zo da kwalbar lemu da cokali da suga, ya sa yara su auna giram 35 su gani a tafin hannunsu, sannan su lissafa na wata, su lissafa kuɗinsa. Malamin kimiyya ya aiki yara su tambayo kakanninsu sunayen ganyayen da ake ci a garin, a rubuta su a allo da Hausa, a manna a bango. Inda akwai rijiya kusa, a dasa zogala ko layi biyu ne.

Sannan sau ɗaya a kowane zangon karatu a roƙi ma'aikacin CSI ya zo da abin awon jini ranar taron iyaye. Awon bai fi minti biyu ba, ba allura, ba zafi. Duk wanda aka samu nasa ya kai 14 bisa 9 ko ya wuce, a sake auna shi wata rana, in ya maimaita a rubuta masa takarda ya tafi asibiti. Darakta ya fara miƙa hannunsa, sai malamai, sai limamin gari da mai gari in sun halarta, sannan sauran iyaye su biyo baya.